Rayukan da Gidaɗo Ya Tara

Duk wanda ya zauna Tambuwal a shekarun baya, in dai ya taɓa mallakar rediyo, to ya san Gidaɗo Mai Rediyo. Shagonsa na bakin tasha, ɗan tsukuku, a maƙale tsakanin teburin mai shayi da rumfar Dogo mai cajin batir. Gidaɗo baƙi ne siriri, mai tsadar magana, irin mutanen nan da za ka gaishe su da tsawo su amsa maka da guntu. In ka kawo masa rediyo ka soma ba shi tarihin ciwonta, ko ɗago kai ba zai yi ba. Sai ya kara ta a kunne, ya shinshina bayanta, ya ce, "Komo jibi." Hira ta ƙare ke nan, in kana da saura ka kai wa mai shayi.

Asalinsa mutumin Fakku ne, can ƙasar Kebbe, gidan noma da kiwo tun kaka da kakanni. Yana sabon ango aka yi farin nan da ya share garkuna, nasu ma bai tsira ba. Sai ya bar amaryarsa Sauda da ciki, ya bi ayarin samari zuwa Sakkwato. Lokacin kuwa kuɗin fetur sun ɓarke, ko'ina gini ake yi, lebura ma in ya samu abin hannu sai ya rataya rediyo a kafaɗa yana tafiya yana taƙama. Gidaɗo ya yi dakon siminti har gashin tsakar kansa ya ƙare, sannan ya liƙe wa wani mai gyara a kasuwa, yana riƙe masa ƙarfen narka dalma, har hannunsa ya faɗa. Da guguwar arziki ta lafa, mutane suka daina sayen sabuwa suka koma lallaɓa tsohuwa, sai ya sauko Tambuwal ya kama wannan shago, ya ɗauko iyalinsa.

Ya ɗauko su, amma ban da mutum ɗaya. Cikin nan da ya bari namiji aka haifa, aka raɗa masa Attahiru, sunan mahaifin Gidaɗo. To a gidansu ɗan fari ba abin nunawa ba ne. Uba ba ya kama sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya zama inda yake zaune. Ga shi kuma mai sunan uba, kunya ta zama biyu. Ana yaye shi yayar Gidaɗo, Fatsuma, wadda kowa ke ce wa Goggo, ta goya shi ta tafi da shi ɗakinta. A hannunta ya tashi a Fakku, ya yi kiwo, ya yi allo, ya zama saurayi.

Kada wani ya ce Gidaɗo ba ya son ɗansa. Haba! Ranar da aka ce Attahiru zai dawo Tambuwal ya yi kabu-kabu, bijimi ɗaya da ya rage masa a Fakku ya sa aka sayar, aka sayi babur, amma ta hannun Dogo, aka ce Goggo ce ta saya. Gida ɗaya suke kwana, amma in uban ya shigo ta zaure, ɗan ya zame ta bayan danga. In Gidaɗo na son a tsare masa shago ya je sallah da cin abinci, sai ya fuskanci bango ya ce, "A gaya ma mai babur shi tsaya shago." Alhali mai babur na tsaye a bayansa, ya ji da kunnensa. In zai komo kuma, tun daga wajen mai shayi yake fara gyaran murya, don ɗan ya samu sararin fita.

Haka suke zaune har gem, wasan nan na talabijin, ya shigo shagon. Wani alhaji ne ya yo wa 'ya'yansa tsarabarsa daga Makka, ɗan akwati mai ruwan toka da ake haɗawa da talabijin, da abin dannawa mai igiya. Yaran suka bar karatu suka tare a gabansa, har waya ta tsinke a ciki. Alhajin ya kawo gyara, da aka gyara kuma ya ce, "Riƙe shi, Gidaɗo, tun da ya bar gidana nika jin karatu na tashi." To Gidaɗo yana da ƙa'ida, ba ya cewa kaya sun gyaru sai ya gwada su da hannunsa. Ya haɗa akwatin da tsohuwar talabijin ta shago, ya zauna gwaji. Gwajin da bai ƙare ba ke nan.

Wani ɗan mutum ne a cikin gilashin, bai fi ɗan yatsa ba, da jar hula da takobi. Yakan fito daga bakin wani ƙauye, ya ratsa daji, ya shiga koguna, ya haye ruwa, wai zai je gidan dodo ya ƙwato wani abu. Mene ne abin, Gidaɗo bai taɓa sani ba, don rubutun da ke fitowa ba boko ba ne ba ajami ba. Abin da ya sani shi ne gem ɗin ba shi da imani ko kaɗan. 'Yan rayuka ƙalilan ake ba ɗan mutumin, a jere su a saman gilashi. Ƙaya ta taɓa shi, ɗaya ya tafi. Ya zame a rami, wani ya tafi. In suka ƙare, ko da ƙafarka ɗaya na ƙofar gidan dodo, bakin ƙauye za a mayar da kai. Haka in wuta ta ɗauke. Akwatin ba ya tuna wahalar kowa, ana kashe shi ya manta da kai.

Yatsun Gidaɗo na dalma ne, ba na tsalle ba. Akwai wani ruwa mai gungume da ke nutsewa in an taka, nan ya maƙale mako da makonni. Amma sai ya gano wani abu da mai gaggawa ba zai gano ba. Kusa da ruwan akwai kogo mai jemagu. In ka kashe su ka fita ka komo, sai ka tarar sun dawo kamar ba a taɓa su ba. Kowane jemage kuma yakan yar da 'yar tsakuwa mai ƙyalli, in tsakuwoyin suka taru da yawa sai a ƙara maka rai ɗaya. Aiki ne na gajiya, shiga, sara, fita, komo, ba daɗi ba kwalliya. Shi kuwa ya zauna masa daram.

Dogo yakan leƙo ta taga ya riƙe baki. "Kai Gidaɗo, furfura ga kai kana yaƙi da jemagu! Mi kaka samu cikin wanga abu?"

"Noma na, Dogo," in ji shi, idonsa na kan gilashi. "Wanda bai son maimai shi ka cewa hatsi da wuya."

Wata rana ya komo daga azahar, ya yi gyaran muryarsa, ya ji babur ya tashi, ya shiga shago. Da zai fita ya bar ɗan mutumin a wannan gaɓar ruwa da rayuka jere reras. Yanzu ga shi tsaye a waccan gaɓar, a wata ƙasa mai jan dutse da Gidaɗo bai taɓa gani ba. Rayukan sun kusa ƙarewa. Ya taɓa kujera, da ɗuminta. Ya daɗe a tsaye yana kallo, murmushi na neman ƙwace masa, ya waiga ya tabbata ba mai ganinsa. Sannan ya zauna, ya lalubi kogon wannan sabon zango, don kowane zango da irin nasa, ya kama sara.

Daga ranar aiki ya rabu biyu, ba tare da wani ya ce wa wani uffan ba. Uba ya tara, ɗa ya kashe. Gidaɗo yakan yi hantsi yana tara rayuka tsakanin wannan rediyo da waccan, in azahar ta yi ya mayar da ɗan mutumin daidai inda Attahiru ya bar shi jiya, ya dakatar da gem, ya fita. Attahiru kuwa barewa ne a wajen tsalle, ya shigo ya ƙone rayukan nan kamar ba shi da asara, ya ƙara gaba. Wani lokaci Gidaɗo ya komo ya tarar an kai shi bakin wani kogo mai sauƙi an tsayar, kamar a ce, ga naka nan, Baba. Wani lokaci ya tarar an ɓarnatar da komai ba a matsa ko taku ba, sai ya ja tsaki ya ce wa bango, "Mai gaggawa dai bai iso ba." Wallahi a duk rayuwarsu ba su taɓa yin hira mai tsawon wannan ba.

Wuta ce kaɗai maƙiyiyarsu. Sau nawa suna yin nisa, a ɗauke, wahalar mako ta bi iska. Ranar da abin ya ishe shi, Gidaɗo ya buɗe cikin akwatin, ya yi masa dabara, ya ɗora shi a kan batirin mota. In batir ya yi sanyi, Dogo ya kawo wani, a maƙala sabon kafin a cire tsohon, don kada akwatin ya ko ƙifta. Talabijin a kashe ta in an tashi, amma akwatin yana nan a kunne ƙarƙashin tebur, da 'yar jar fitilarsa kamar ƙwayar barkono. Da haka suka wuce jan dutse, suka wuce wata ƙasa mai ƙanƙara, har suka iso wata gada ta duwatsu masu zubewa. A can ƙarshenta ana hango ƙofar gidan dodo. Gadar nan ta gagari Attahiru kansa, kullum sai ta cinye duk abin da uban ya tara.

Ana cikin haka bazara ta kama, zafi kamar a gasa mutum. Goggo ta aiko a zo a yi mata baibayar ɗaki kafin ruwa ya sauka, Attahiru ya hau babur ya tafi Fakku, da niyyar kwana kaɗan. Kwanakin suka wuce bai komo ba. Sai saƙo ya zo ta bakin wani direba cewa yana kwance, zazzaɓi da ciwon kai, wuyansa ya sanƙare. Shekarar kuwa sanƙarau na ɗibar mutane a ƙauyuka. Sauda ta ji, ita ma ɗan farinta ne, ba ta da bakin magana. Ta shige madafa ta hura ɗanyen itace, ta yi kukanta, ta ce hayaƙi ne.

Gidaɗo ya sayi magani ya ba Dogo, ya ce ya kai. Dogo ya dube shi sama da ƙasa. "Ni zan kai? Kai fa?"

"Shina hannun uwarshi," ya ce, yana nufin Goggo. "In na tashi na ruga Fakku don ɗan fari na zazzaɓi, da wane ido nika duban mutane?"

Dogo ya je ya komo, fuskarsa ba daɗi. Ya shigo shagon ya zauna a kan wata matacciyar talabijin. "Na gane shi. Ya ba ni saƙo gare ka. Ya ce a gaya ma Baba kada shi kashe akwatin, ina tafe." Sannan ya ƙara, "Gidaɗo, don Allah ka aje kunyan nan ka tafi. Ni na ga idon yaron."

Amma Gidaɗo bai ji rabin maganar na baya ba. Abin da ya shige masa zuciya shi ne ɗansa ya aiko masa da saƙo, shi da kansa, karo na farko tun da aka haife shi. Ya ce yana tafe, to yana tafe. Abin da uba zai yi shi ne ya shirya masa. Ya tura rediyoyin mutane gefe, ya shiga kogon da ke gindin gadar, ya kama sara. Daga safe har la'asar, shiga, sara, fita, komo, har babban yatsansa ya yi kanta ya fashe, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Rayuka suka cika layi, suka soma wani. Bai taɓa tara irinsu ba. A ransa yana cewa wannan karon ko gadar ta ƙi ko ta so, sai yaron nan ya haye. Kowace azahar yakan mayar da ɗan mutumin bakin gada, ya juya fuskarsa yadda Attahiru ya bar ta, ya fita sallah. Ya komo yana gyaran murya tun daga wajen mai shayi, ko Allah ya sa.

Allah sarki. Abin dannawa na hannunsa aka yi sallama a ƙofar shago, wani ɗan'uwansu daga Fakku, ƙafafunsa butu-butu. Tun kafin ya buɗe baki Gidaɗo ya gane. Attahiru ya cika da hantsi, kuma saboda irin ciwon ba a jira kowa ba, an kai shi.

Ya tafi Fakku a ranar, tafiyar da da ya yi ta tun farko da ya tarar da mai rai. Ya zauna a ƙofar gida a kan tabarma yana karɓar gaisuwa, idonsa a bushe, yana cewa, "Haƙuri sai ma Goggo, ita ta yi rashi." Dattawa suka yaba, suka ce Gidaɗo ɗan halak ne, ya san kunya. Yabon nan ya fi zagi ciwo. Goggo kaɗai ba ta yaba ba. Da zai tafi ta kira shi ɗaki, ta ce masa, "Duk babur ɗin da ya wuce sai yaron nan ya ɗaga kai ya dubi ƙofa. Bai ce komi ba, ɗanka na, irin bakinku guda. Amma ni na san wa shika jira." Gidaɗo ya sunkuyar da kai, ya fita.

Da ma kafin ya bar Tambuwal abu ɗaya ya roƙi Dogo, kada batir ya mutu. Dogo kuwa ya riƙe amana. Da Gidaɗo ya komo ya buɗe shago, jar fitilar na nan. Ya kunna talabijin, ga ɗan mutumin a bakin gada, fuskarsa inda mai ita ya juya ta, ga rayuka jere a sama ba wanda zai kashe su. Ya kashe talabijin. Daga nan kullum haka yake yi, ya kunna, ya duba, ya kashe. Bai ƙara taɓa abin dannawa ba. Dogo ya ci gaba da sauya batir, bai ƙara yi masa ba'ar jemagu ba. A duk duniya wannan ne kaɗai aikin da shi da ɗansa suka yi tare, kuma bai ƙare ba. In akwatin ya mutu, ya tafi da shi.

To amma hancin mai gyara ba ya yi masa ƙarya. Bayan ruwa ya sauka, wata safiya ya buɗe shago ya ji ƙauri, siriri, irin na roba da ta gaji da zafi. Ya durƙusa ya shinshina bayan akwatin. Ya taɓa, kamar dutsen guga. An yi abin ne don yara su yi wasa su kashe, ba don ya yi wata da watanni a kunne ba. Ya san ciwon, ya san maganin, amma ba a gyara shi sai an kashe. Ya lissafa a ransa, in ya kai la'asar ya yi ƙoƙari.

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya jawo kujera, ya ɗauki abin dannawa, ya yi bisimilla, ya taka gadar.

Dutse na biyu ya zube da shi. Ya sake, ya faɗa. Ya sake. Yatsun nan da suka iya kama wayar da ta fi gashi siranta, yau sun zama itace. Rayukan da ya tara wa yaron da yatsa mai jini suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, shi da kansa yake zubar da su. Wani ya leƙo da rediyo, ya ga fuskarsa, ya juya. Sannu a hankali ya soma gane gadar, wane dutse ke jira, wane ne ba ya jira. Ya kai tsakiya. Ya wuce tsakiya. Layi ɗaya ya ƙare, na biyu ya zaizaye, ƙauri ya cika shago, gilashin ya soma rawa. Zufa na shiga masa ido, ba hannun sharewa.

Saura rai ɗaya. Ya ja numfashi, ya tafi. Wallahi wannan karon kamar ba shi ke dannawa ba. Ɗan mutumin ya riƙa tashi yana sauka irin na mai babur, dutse na zubewa a bayansa, jar hula na gaba, har ƙofar dodo ta cika gilashi. Tsalle ɗaya ya rage. Ya danna, ɗan mutumin ya tashi, ƙafarsa ta taɓa gefen tudu, ta zame.

"Attahiru!"

Ihun ya fita tun kafin ya san ya buɗe baki. Mai shayi ya saki ludayi. Dogo ya yar da abin da ke hannunsa ya rugo, ya tsaya a bakin ƙofa yana haki. A gilashi an riga an mayar da ɗan mutumin bakin ƙauyensu, sabo ful, kamar bai taɓa zuwa ko'ina ba. Jar fitilar ta yi ƙifta biyu ta mutu, gilashin ya koma yayyafi.

"Gidaɗo, lafiya? Wa kaka kira?"

Gidaɗo bai waigo ba. Hawayen da bai zubar a Fakku ba suna bin gemunsa suna ɗiga a kan abin dannawa. Sunan ya yi masa baƙo a baki, shekara ashirin da wani abu yana ɗauke da shi bai taɓa jin nauyinsa a harshe ba.

"Ɗana," ya ce. Ya sake faɗa a hankali, yadda ake kiran wanda ke ɗaki na kusa. "Attahiru."

Dogo ya tsaya jim, kamar shi ma yana sauraron a amsa. Sannan ya durƙusa ƙarƙashin tebur ya cire wayar batir.